Hannun Kaka a Goshi

A Madinat Nasr na haifi 'yata, lokacin da maigidana yake karatu a Alƙahira. Zuwa 2013 ta zama Bamisiriya tuburan, "yalla" da "khalas" ne a bakinta, Hausa kuwa sai tsinta-tsinta. Wata rana surukata ta kira daga Katsina, yarinyar ta ɗauki waya ta amsa mata da Larabci, ko sannu babu. Hajiya ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ta ce tana nan tafe ganin likitan ido, in ta tarar jikarta ba ta iya gaisuwa ba, da ita za ta koma. Hajiya kuwa ba ta faɗa ta fasa. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Na dage da koya mata durƙuso. Da na ce ta gwada, sai ta zube ƙasa kamar buhun gero tana ƙyalƙyala dariya.

Ƙofarmu tana kallon ta wasu matan Filifin masu aikatau. Ɗayarsu tana rainon yara a unguwar Mohandessin, Juma'a kawai take hutawa. Larabcin kasuwa ne ya haɗa mu. Takan shigo da kwamfutarta mu kalli finafinan ƙasarsu, tana yi mini fassara da baki da hannu.

A wani fim, saurayi haifaffen Amurka ya je ƙauyen iyayensa. Kakarsa ta miƙa masa hannu, gogan ya kama ya girgiza kamar sun gama cinikin mota. Na kwashe da dariya, na waiga sai na ga maƙwabciyata tana hawaye. Ta ce a wurinsu yaro yakan ɗora bayan hannun babba a goshinsa don neman albarka. Ita ta baro ɗanta a ƙasarsu yana rarrafe, yanzu har ya shiga makaranta, bai taɓa yi mata ba. Ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake yi. 'Yata tana zaune tsakaninmu tana kallo.

Ranar wata Juma'a Hajiya ta iso. Na tura yarinyar ta gaishe ta. Ba ta durƙusa ba. Ta kama hannun kakarta ta ɗora a goshi.

"Ke, wannan gaisuwar wace ƙasa ce?" in ji Hajiya.

Na faɗa mata gaskiya, a wurin maƙwabciyata ta gani, har labarin yaron da aka baro.

"Kirawo mini ita."

Matar ta shigo a tsorace, ta sunkuya ta ɗora hannun Hajiya a goshinta. Hajiya ta daɗe tana kallonta da idon nan mai ciwo, sannan ta juya wurin jikarta, tana nuna matar.

"Je ki gaishe da uwarki."

Yarinyar ta tsaya sororo, ba ta gane ba. Dole na maimaita mata da Larabci a gaban Hajiya, na san kuwa asirina ya gama tonuwa. Ta je wurin maƙwabciyata ta ɗauki hannun nan da sabulun gidan wasu ya busar, ta ɗora a goshinta. Matar ta durƙushe ta rungume ta tana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Da aka gama aikin ido, ina ninke wa Hajiya kaya, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko in haɗa da na yarinyar.

"Hausarta dai sai addu'a," ta ce. "Amma bar ta nan. Na ga uwar da aka raba da ɗanta, ba zan ƙara wata ba."