Wata ta amsa sunana a wajen horo

Jama'a, yau na tarar da wata sanye da sunana a wuyanta.

Kun san horon da aka shirya wa masu kula da laburaren makarantu, na koyon tsara littattafai da sabuwar manhaja. Ni aka rubuta daga makarantarmu ta Jiwa. Jiya shugabarmu, Hajiya Rabi, ta ce min an ɗage. Na yarda, shekara tara muna tare.

Yau Asabar ina kasuwar kifi ta Kado, sai Grace, mai kula da laburaren wata makaranta, ta kira ni. Ta ce, "Maryam, kina ina? An fara, kuma wata ta amsa sunanki."

Na tare tasi, da ledar kifina a hannu. Ina shiga zauren na ga Ummi, ƙanwar Hajiya, da katin sunana. Ga kuma a gabanta sabuwar kwamfutar da aka raba wa masu halartar horon!

Na ce wa mai horarwa, "Oga, ni ce Maryam ɗin." Ya kira Hajiya, ya buɗe murya kowa na ji. Ta ce, "Wadda na turo ita ce ma'aikaciyata."

Na ce, "Hajiya, ni ce fa." Sai ta kashe wayar.

Mai gadi ne ya raka ni waje. Ummi ko kai ba ta ɗaga ba.

Yanzun nan Hajiya ta turo min saƙo: "Ran Litinin ki zo da wuri, ki nuna wa Ummi yadda ake aiki da kwamfutar."