Inna Ba Ta Bin Taɓaryar Kowa

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin jinya a Damagaram, ban da tsohuwar nan ta Hamdara da ta yi kwana biyu tana kokawa da mashin ɗin numfashi.

Lokacin korona ne. An kawo ta huhu ya cika, dole aka zura mata tiyo a maƙogwaro aka haɗa ta da mashin. Mun saita shi yana hura mata iska a ƙa'ide, ita kuwa ta ce ba ta san zance ba. Yana hurawa tana fitarwa, yana tsayawa tana ja. Gumi ya jiƙa ta, mashin sai ƙara yake. Maganin da muka sani shi ne mu ƙara mata allurar barci, amma bugun jininta ya riga ya yi ƙasa. Dokter ya ce in muka ƙara, da wuya ta farka.

Ba a barin dangi su shiga. Ƙanwarta, ita ma tsohuwa, kullum tana tsaye a bayan gilashin taga da rana tsaka. Ran nan na fito shan iska, sai ta tare ni.

"Ɗiyata, abin can naku riga ta yake yi."

A lokacin ina ji da kaina, ban daɗe da dawowa daga horo ba. Na ce, "Inna, aikin likita ne, ku dai ku yi addu'a."

Ta ce, "Addu'a muna yi. Amma tun muna 'yan mata turmi ɗaya muke daka da ita. Ba ta taɓa bin taɓaryar kowa ba. In kin riga ta sauka, sai kun yi karo, hatsi ya watse. Ki bari ta fara, ke ki bi bayanta, sai ku wuni kuna lugude ba gajiya."

Na koma ciki na ba dokter labari don mu yi dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙirjinta yana kallon allon mashin, ya gwada ƙarfin jan numfashinta, sannan ya ce in rage allurar. Ya sauya saitin yadda ita za ta fara ja, mashin ya jira, in ya ji ta motsa ya tallafa mata. Ba kowane majinyaci hakan ke yi wa ba, amma na rage allurar nan.

Kafin la'asar ƙarar ta ɗauke. Kafaɗunta suka sauka. Ta ja, ya bi, ta ja, ya bi. Na waiga taga, na ga ƙanwar tana kaɗa kai daidai da numfashin yayarta. Kunya ta kama ni, ga hawaye cikin takunkumi ba damar sharewa.

Bayan mako guda muka cire tiyon. Da murya ta dawo, na ba ta labarin duka. Ta harare ni, ta ce da dasasshiyar murya, "Ashe har ƙarfe sai da kuka koya wa ladabi?"

Bayan kaka ta aiko mini da gumba a ƙwarya, wadda su biyu suka daka. Ban taɓa cin mai daɗinta ba.

Tun daga ranar, in mashin ya fara ƙara, majinyacin nake fara dubawa kafin in taɓa allura. Na koyi cewa taimakon da bai san saurin mai shi ba wahala ce kawai. In za ka kama wa mutum daka, bari taɓaryarsa ta fara sauka.