Kwalbar Bitrus da Na Wanke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da matar Bitrus ta bugo mini waya daga Kafanchan, ina tsaye a bakin shagona a Kano. Ta ce, "Alhaji, abokinka ya tafi." Na zauna a kan dilar yadi. Abin kunya, kwalba ce ta fara faɗo mini a rai.

A ƙarshen shekarun casa'in muka haɗa ɗaki a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou na China, ina sarin yadi, shi kayan rediyo. Ban taɓa shan giya ba. Shi kuwa burukutu yake dafawa da jar dawar 'yan China. Duk tukunyar da ta nuna, sai ya ɗebi farin gindinta ya adana a kwalba, da shi zai tayar da ta gaba. Iri yake kiransa. Busasshe ya zo da shi daga tukunyar marigayiya mahaifiyarsa.

"Ustaz, wannan ya girme ka," in ji shi. "Ka riƙa gaishe shi."

"Kai ka gaishe shi, mashayi."

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A masallaci mutanen Maraɗi na shinshinar rigata, ina cewa kunu ne ya kwana.

Wata rana Bitrus ya tafi ganin gida, ya bar mini amanar kwalbar. Sai ga surukina ya sauka a garin, ya ce zai zo ganin masaukina. A ruɗe na wanke duk abin da ke tsami a ɗakin. Sai da na ga kwalbar tana ƙyalli na san abin da na aikata.

Kwana biyu ina yawon kasuwa da hulata, ina tangaɗi kamar mashayi don 'yan kasuwar su gane irin giya nake nema. Kowa ya ce "meyo", wato babu. Wata tsohuwa ce ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙo mini fararen dunƙule da suke haɗa giyar shinkafa da su. Na niƙa, na dama, na ɗura.

Bitrus ya dawo ya dafa. Da ya kurɓa sai idonsa ya kawo ruwa.

"Hannun Mama ke nan," ya ce. "Har nan ta biyo ni."

Na ce, "Allah sarki."

Yau a leda ake sayar da yis na tayar da giya, ba wanda ya san asalinsa. Da yana raye da ya ce giya ce marar uwa, ni kuwa in sunkuyar da kai.

Da Bitrus ya rasu bai bar gida mai bene ba. Ya bar mutanen da suka ci abinci a kwanonsa ba tare da ya tambayi addininsu ba, ya kuma bar irin nan, don da shi ya koma gida. 'Yarsa Rifkatu ce ke riƙe da shi yanzu, tana kiransa irin Kaka. Duk shekara nakan je gaishe su da niyyar faɗin gaskiya. Bana ma na je, ta ce, "Baba, kai kaɗai mahaifina ya taɓa bar wa kwalbar nan."

Har yau ban faɗa mata ba.