Hannun da Na Ɗora Kan Injin Baƙi

Gyaran injin ban-ruwa wahala ce tsagwaronta. Shekara ashirin da ɗoriya ina ciki, baya ya ƙage, baƙin mai ya ƙi fita daga farce. Duk wannan na haƙura. Abin da har yau bai bar raina ba shi ne wata rana a Kebbe, ranin bara waccan.

Wani ɗan kamfani ne ya zo da sabon inji, wai rabin man da namu ke sha yake sha. Guda ɗaya tak suka ƙera, don haka ba inji suka zo sayarwa ba. Hannun jari suke talla: ka zuba kuɗinka yanzu, ka samu rabo a kamfanin, in sun fara ƙerawa da yawa ka ci riba. Rabo ɗaya kuwa ya kai kuɗin bijimi. Alhaji Ummaru, shugaban manoman rani, ya aika aka kira ni daga Tambuwal in duba musu.

Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, ku gane. A yankinmu manomi ba ya sayen inji sai na ɗora tafin hannuna a kansa yana aiki, in ji zafinsa da rawarsa. In da matsala nan take nake faɗi. In na ɗaga hannu na wuce ban ce komai ba, kowa ya san ya yi.

Suka tayar da shi a ƙarƙashin rumfa, yana jan ruwa daga duro zuwa duro. Ko jaki ma ya iya wannan. Ina ɗora hannu, kafin ƙarfen ya ɗumama, manajan kamfanin ya kashe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a kai shi fadama shi ja ruwan rijiya har azahar, mu ga abin da shika sha."

Ya yi dariya. "Malam Sani, wannan ba irin tsofaffin da kake kwancewa ba ne."

"To a buɗe in ga cikinai."

"Sirrin kamfani ne."

Raina ya ɓaci, na kaɗe riga na hau babur. Kuskurena ke nan.

Bayan la'asar Alhaji Ummaru ya kira ni yana ta godiya. Wai mutum fuɗu sun yi shawarar shiga, Mamman maƙwabcinsa ma gobe zai fitar da shanun huɗarsa kasuwa.

Na ce, "Alhaji, wa yac ce maku ya yi?"

Ya ce, "Ai mun ga ka aza hannu, ka wuce ba ka ce komi ba."

Wato shiruna aka sayar musu. Ban ce injin ƙarya ne ba, ban sani ba, su ma masu shi ba su sani ba tunda bai taɓa wuni a gona ba. Amma ka sa wa abin da bai yi gumi ba kuɗin bijimi, ka karɓa a hannun mai shanu biyu? Tun ranar na koyi cewa a aikinmu fushi ma sai ka faɗe shi da baki.

Washegari ina idar da asuba na ɗaure tsohon injina a bayan babur, da kwalba biyu na mai cike daidai wa daida. Ina isa Kebbe na tarar da Mamman yana kwance igiyar shanunsa. Na ce, "Mai da su turke, ban ce ya yi ba." Na wuce fadama, na aika a gaya wa manajan ya kawo nasa a gwada kowa ya gani. Na zauna a bakin rijiya ina jira, hannuwana biyu a aljihu.