Azumin Da Ban Yi Ba

A da, idan aka sallame sallar Azahar a karar shanu ta Oko-Oba, ba na tunanin inda zan ci abinci, don na san inda tirenmu yake, na san kuma hannuwan da zan tarar a cikinsa. Yanzu kwanona daban yake, ɗan ƙarami mai murfi, ni kaɗai nake sa hannu a ciki. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin in faɗi yadda aka yi na tashi daga wancan zuwa wannan, saboda ba ciwo kaɗai ya yi mini wannan aiki ba, da hannuna a ciki.

Ni Bagobiri ne, dillalin shanu, na ba shekara sittin baya. Kafin in zauna a Legas na yi Kumasi, na yi Abijan, na yi Injamena, na kuma yi shekara uku a Jidda. Ina jin Yarbanci kamar a nan aka haife ni, ina jin Faransanci, Larabcin kasuwa bai gagare ni ba, Turanci ma ina taɓawa. Wannan yawo ya sa mini wani girman kai da ban san ina da shi ba: na saba ni ake kira in yi wa mutane tafinta, ban saba a yi mini ba. Mai ɗakina ta rasu da jimawa, 'ya'yana duk suna Sakkwato da iyalansu, ni kuwa ina zaune a ɗaki guda a wani gidan haya a Agege. Saboda haka tiren nan na rana shi ne gidana na gaskiya.

Mu biyar ne muke ci tare, amma wanda ya fi kusa da ni wani mahauci ne Bayarabe, wanda muka shafe sama da shekara talatin tare. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, to mu mun kai shi ƙarshe. Bai taɓa kirana da sunana ba, ko da na dawo daga Makka bai ce mini Alhaji ba, sai dai bawana. Yakan gaya wa baƙi cewa kakansa ne ya sayi kakana da ƙullin gishiri, wai har an cuce shi a cinikin, kuma zanen da ke kumatuna shaida ce da aka yi mini don kada in ɓace a kasuwa. Ni kuma in ce barkono ne ya ƙone masa hankali tun yana goye. Daga gidansa ake kawo amala ko shinkafa da miya ja, mu kuma mu haɗa da tuwon shinkafa daga wurin mai abinci, a juye a tire ɗaya, a ci, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Idan tsoka mai kyau ta faɗo gabansa sai ya turo mini ita da yatsa, wai bawa sai da ƙoshi yake aiki.

Abin ya fara ne da ƙishirwa wadda ruwa ba ya kashewa, da yawan fitsari, da rama har rigunana suka yi mini yawa. Ban gaya wa kowa ba, na hau motar haya ta danfo na tafi wani ƙaramin asibiti can wajen Abule Egba inda na san ba wanda ya san ni. Aka ɗebi jini, wani matashin likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda yake kama manya. Da Turanci yake magana, da sauri kuma. Ya tambaye ni ko a kira wadda za ta yi mini bayani da Hausa, na amsa masa da Turanci cewa babu bukata. Abin da na tsinta a maganarsa shi ne in bar suga da lemo, in rage cin abinci, in riƙa shan ƙwaya kullum da safe. Ya faɗi wani abu game da kada in sha ƙwayar nan in zauna da yunwa, amma na gyaɗa kai kawai, kamar yadda na sha ganin baƙauye yana gyaɗa mini kai ina masa tafinta alhali bai gane ba.

A Jidda na ga mutane suna maganar wannan ciwo kamar maganar zafin rana, mutum ya fito da na'urar awonsa a cikin majalisa ya soki yatsa ana hira. A Abijan ma na zauna da wani attajiri da ake dafa masa nasa daban, ba wanda ya ɗauke shi abin magana. Amma a kara ba haka na gani ba. Fatake suna ba da shanunsu ne ga mutumin da zai iya tsayuwa a rana. Na ga wani da aka yanke wa ƙafa, na ga yadda sunansa ya koma Allah sarki. Ni da bakina na taɓa cewa ciwon makwaɗaita ne. Fiye da duk wannan, bakin abokina nake tsoro, don na san zai samu abin tsokanata har in mutu.

Rana ta farko na yi loma kaɗan na tsame hannu, na ce ba na son lemo. Nan take abokina ya ce bawansa ya fara ƙin abincin ubangidansa, lallai akwai bazawarar da ke kawo mini wani abu a ɓoye, kowa ya yi dariya, aka matsa mini sai da na ƙara. Washegari Litinin ce. Da aka ajiye tire ya ƙwala mini kira, sai na ji bakina ya ce ina azumi. Ban shirya ƙaryar ba, ita ta zo da kanta, kuma ta yi aiki fiye da yadda nake so. Ba wanda ya matsa, ba wanda ya yi tambaya, sai ma aka ce Allah ya karɓa. Ranar Alhamis na maimaita. Daga nan na ƙara da kwanaki ukun tsakiyar wata, na ƙara da ramuwar da ba a bina, har aka fara cewa azumin Annabi Dawuda nake yi. Ranakun da ya kamata a ce ba na azumi sai in ƙirƙiri uzuri a Oshodi, in je in zauna a bakin wata rumfa in ci abin da na samu cikin mutanen da ba su san ni ba.

Ban san cewa girmamawa tana iya zama kurkuku ba sai a lokacin. Mahauta matasa suka fara rusuna mini, masu dakon nama suna cewa in sa su a addu'a. Idan na doso majalisa sai a sauke murya, mai cin goro ya juya baya. Ba a yi wa mai azumi tayi, ba a kuma cin abinci a gabansa, don haka suka ɗauke tiren suka koma bayan wata rumfa saboda kada su takura ni. Ina zaune a inuwar tirela da carbi a hannu, ina jiyo dariyarsu daga nesa, ina gane muryar kowa. Abokina ya yi ta tsokana a makonnin farko, wai Bagobiri yana neman ya riga ubangidansa shiga Aljanna, daga baya ya rage, daga baya ya daina. Da yamma in koma ɗakina, in rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani, in ci burodin Agege kusan guda da shayi wanda na zuba wa zuma maimakon suga, in bi da dabino, ina ganin ina kiyaye dokar likita tunda ban taɓa farin suga ba. Wata bakwai na yi a haka. 'Yata takan kira ta ce muryata ta canja, in ce mata gajiyar kara ce.

Ranar da abin ya fashe, tirelar wasu fatake ce ta iso da sassafe, aka kira ni a waya. Na haɗiye ƙwayar da ruwa kawai na fita, ban karya ba. Na wuni ina zagaya shanu a rana, ga shi na riga na ce ina azumi, ba halin in sa ko ƙwayar gyaɗa a baki. Bayan La'asar gumi mai sanyi ya karyo mini, hannuwana suka kama rawa, sandata ta faɗi, na durƙushe a cikin taɓon kara. Mutane suka taru, wani yana mini fifita da hula, wani yana zuba mini ruwa a ka. Na ji wani ya ce a ba ni ruwa in sha, wani ya ce kada a karya wa bawan Allah azuminsa saura kaɗan rana ta faɗi, a dai kai shi inuwa. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne, a cikin wannan hali, harshena yana sarƙewa, ni ma abin da nake ta maimaitawa ke nan, ina azumi.

Abokina ne ya ratso taron da rigar aikinsa duk jini. Ya dube ni, ya taɓa goshina, ya kama hannuna ya ji rawar da yake yi. Yayarsa da ta rene shi ta yi shekaru da wannan ciwo, ya san alamar. Ya fizgi kwalbar lemo daga wurin mai sayarwa, ya tallafo kaina, ya daka mini tsawa da Yarbanci cewa in buɗe baki. Da wani ya yi magana sai ya juya ya ce da Hausa, in akwai zunubi a rubuta a kansa, bawansa ne, shi yake da iko da shi. Na sha. Cikin ɗan lokaci idona ya washe, na ga fuskokin da ke kaina. Ya sa aka tsayar da keke mai ƙafa uku, ya tambaye ni asibitin da nake zuwa, ba tare da ya tambaye ni ko ina zuwa wani asibiti ba. Da muka kusa isa, ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba ko a cikin azumin nan akwai na gaskiya ko guda. Na ce babu.

A asibitin aka haɗa ni da nas ɗin da na ƙi a kira mini tun farko, wata mata 'yar kudancin Kaduna, Kirista, mai Hausa irin ta can. Ta zaunar da ni kamar ɗan makaranta. Ta ce Baba, ciki ba ya jin Turanci, burodin nan da tuwon shinkafa da zuma duk suga suke komawa in sun shiga. Ta ce ƙwayar da aka ba ni tana saukar da suga ko na ci ko ban ci ba, shi ya sa ta kusa kayar da ni gaba ɗaya. Ta nuna mini da dunƙulen hannuna iyakar tuwon da zan ci, ta ce miyar ganye ta fi tuwon yawa, in riƙi wake da zogale da ɗanyen agade da kifi, in na samu acca in gwada amma ita ma da awo, in ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada in ƙetare. Ta ce in azumin gaske ya zo in fara zuwa wurin likita a duba a gyara mini magani. Ta kuma sa ni cikin masu irin ciwona da suke haɗuwa a barandar asibitin ranar Asabar da hantsi. Akwai direban danfo, akwai tsohuwar malamar makaranta, akwai mai sayar da atamfa. A nan na fara furta sunan ciwona da bakina a gaban mutane, na kuma koma yin tafinta, amma yanzu sai na tabbatar na gane kafin in fassara.

Na je na samu abokina a rumfarsa na ba shi haƙuri. Yana wasa wuƙa, bai daina ba. Ya ce shi duk watannin nan ya ɗauka na shiga cikin masu ƙyamar abincin gidansa ne, ya ɗauka tsoron Allah ya kai ni inda Bayarabe mai surutu bai isa ya sa hannu a tire ɗaya da ni ba. Ya ce har matarsa ta yi kuka, tana tambaya ko wani abu aka ce ta zuba. Ya ce da na gaya masa, da ya tsokane ni kwana uku, ranar ta huɗu ya sa a dafa mini efo, miyar ganyen nan tasu. Shekara talatin, in ji shi, amma na gwammace in yi wa Allah ƙarya da in gaya masa gaskiya. 

Na tuba ga Allah kan ibadar da na yi riga da ita. Na tsaya a majalisa na gaya wa sauran gaskiya, na kira 'yata na gaya mata. Wasu fatake sun koma wurin wasu dillalai, da yawa kuma sun tsaya da ni. Abin da nake so mai karatu ya ɗauka, musamman dattijai irina da ke zaune a kudu babu iyali kusa, shi ne wannan ciwo ba abin kunya ba ne, kuma ba a iya riƙe shi a ɓoye, domin a cikin abinci yake, abinci kuwa da mutane ake cinsa. In likita ya yi magana ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko harshe nawa kake ji. Kada ka sha magani ka zauna da yunwa. Ka gaya wa wanda kuke ci tare, shi ne zai ga hannunka yana rawa kafin kowa.

An dawo da tiren inda yake a da, ina zama a gefensa da ɗan kwanona. Kullum daga gidan abokina ake kawo shi, wake ko agade da efo mai yawa, babu fashi ko rana ɗaya. Shi yake miƙo mini da hannunsa, ya tambaye ni ko na sha magani, ya tambaye ni awon safe. Sugana ya daidaita, ƙafafuna biyu suna nan. Amma tun ranar da muka dawo daga asibiti bai ƙara ce mini bawansa ba. Alhaji yake ce mini.