Kalmar Musaya Ce Ta Sa Na Ƙone Fasfon Ƴata

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban taɓa zama a aji ba. Faɗa na yi aka rubuta muku. Lokacin da abin nan ya faru ina sayar da busasshen tattasai a kasuwar Difa, ni da ƴa ɗaya da ta rage mini. Daga hayin Komadugu muka zo, da ƙafa muka ratsa ruwan tana riƙe da zanena. Mijina bai ƙetaro ba. Babban ɗana kuwa masu bindiga suka tare motarsu a hanya suka tafi da shi. Shekara biyu muka yi a sansanin gudun hijira na Assaga cikin bukkar leda, rediyo a kunnena. Duk sa'ad da na ji ana zancen musaya, a ba da mutanen wancan ɓangare a karɓo namu, sai in ajiye abin da nake yi in saurara. Sunansa bai taɓa fitowa ba. A nan na koyi ma'anar kalmar: mutum ake riƙewa a madadin mutum, kuma naka ba zai dawo ba sai nasu ya koma lafiya.

Yarinyar tana da kai. Da girmanta ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta koyi Faransanci daga farko, ta wuce waɗanda ta tarar, har ta shiga jami'a tana karatun noma. Wata rana da la'asar ta shigo gida da gudu, ta ce an zaɓe ta za ta tafi Maroko wata shida ta koyo dabarun ban ruwa. Na tambaye ta a kan me za a kai ta, mu da ba mu da kowa a sama. Ta ce musayar ɗalibai ake ce wa abin, nasu ya zo nan, namu ya je can. Tambaya ɗaya na yi mata: idan nasu ya zo garin nan da muke jin harbi, wani abu ya same shi, wa zai maido mini da ita? Ta yi dariya har tana dafa bango. Ta ce ni kam Inna da abin dariya nake, ai ba canjin akuya ake yi ba. Ta shige ɗaki. Amsa dai ba ta ba ni ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Aka yi ta kai da kawo da takardu har fasfo ya fito. Ta nuna mini hotonta a ciki, ta sa shi a ƙasan akwati. Saura kwana goma tafiya, da safe bayan ta fita, na buɗe akwatin na ɗauko shi na cusa a murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Ya yi warin roba. Na juya shi da itace har ya cinye, na tafi kasuwa. Kwana biyu tana birkita ɗaki, tana zazzage buhunan tattasai tana atishawa, ina kallon ta. A na uku na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta tambaye ni abin da ta yi mini. Na ce na ba da ɗaya ban karɓo ba, ba zan ba da na biyu ba. Sabon fasfo ba ya fitowa a kwana bakwai. Aka sa wata yarinya ƴar garin Foulatari a gurbinta.

Wata shidan nan ita ce wahalar da ban manta ba. Ƴata tana gaishe ni da safe, tana share tsakar gida, amma ta daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Magana ta fita gari. Abokan karatunta suka sa mini suna tsohuwa mai murhu, na ji da kunnena wasu suna ce mini jahila. Wasu dattawa kuma suka tako har rumfata suna sa mini albarka, wai na yi daidai, ƴa mace ba ta da abin nema a ƙasar wasu. Na ce musu su riƙe albarkarsu. Ni ban hana ta don mace ce ba. Da hannun nan na tsinke tattasai har fata ta ɗaye don ta yi karatu, a lokacin babu ɗayansu da ya leƙo mu.

Ranar da aka ce ƴar Foulatari ta dawo na rufe kayana na tafi tasha. Na gan ta ta sauko da jakarta, ta yi ƙiba. Na kama hannunta na matsa, tana mamakin wace ce ni. Na tambaye ta ina wanda aka kawo nan a madadinta, ya koma gida lafiya? Ta ce Inna ai babu wanda ya zo, makarantar can ba ta bar nasu sun zo ba bana. Na sake tambaya, to da babu nasu a hannunmu, me ya sa suka sake ta? Ta ce ai babu wanda ya riƙe ta, karatu ya ƙare ta hau jirgi. Na zauna a kan bencin tasha har rana ta juya. A gida na samu ƴata tana wanki, na ce mata na cuce ta. Sau ɗaya na faɗa. Ta ci gaba da wankin tana hawaye, daga baya ta matsa mini wuri na kama matse kayan.

Damar nan ba ta dawo ba, ta ƴan shekara ta biyu a jami'a ce, ita kuwa ta wuce. Na raka ta aka yi sabon fasfo. Ta gama karatun, yanzu ta aika takardun neman ƙari a waje, ba a amsa ba tukuna.

Laifina na ɗauka, amma sunan jahila ban karɓa ba. Wanda bai taɓa jiran sunan ɗansa a rediyo ba, kada ya koya mini abin da ya kamata in ji tsoro. Ku masu karatu, idan uwarku ta yi tambayar da ta ba ku dariya, ku haɗiye dariyar ku zauna ku amsa mata, ba ku san inda ta fara jin kalmar ba. Ku kuma iyaye irina da kuka tsira da rai, idan ba ku gane magana ba ku tambaya sau goma, ku je har wurin malaman ku tsaya sai sun warware muku. Kada ku yanke hukunci ku kaɗai a gaban murhu. Idan aka sake kiran ƴata, ni zan ɗauki jakarta zuwa tasha. Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. Amma nawa ne, ni zan riƙe abina.