Ranar da Surukina Ya Taya Ni Gyaran Jita

Jitar nan ta yayana ce, Allah ya jiƙansa. Irin mai ƙaton cikin nan ce, fanko kamar ƙwarya, fuskarta siririn katako, ko ba a jona ta da lasifika ba tana magana. A kanta ya koya mini kiɗa, da ita muka zaga gidajen biki daga Dutse har Buji, kafin masu kwamfuta su zo su ƙwace filin. Da ya rasu 'yan'uwa suka raba gona da awaki, ni aka turo mini jita, ana ta kallona da tausayi. Ni kuwa ko a jikina.

Abu ɗaya ya so bai samu ba har ya koma ga Allah, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa gindin jita, mai hannu da sifirin. In ka danna hannun, wayoyin jitar su saki, in ka sake shi su koma, sai sautin ya riƙa rawa kamar kukan goge. Ya sha cewa ran da ya samu ƙarfen nan ba mai ƙara ce masa kiɗan Turawa yake yi. Bayan shekaru na samo shi a wani shago a Kano, mai shagon ya koya mini yadda ake sa shi. A kwance wayoyi, a cire tsohon mariƙinsu, a ja zare daga wuya zuwa gindi don ƙarfen ya zauna a tsakiya. Sukurorinsa gajeru ne, kuma a gefen gindi kaɗai ake ɗaure su, inda katako ke da kauri ta ciki. Ya nuna mini wasu ramuka biyu a gaban ƙarfen ya ja mini kunne: waɗannan na jita mai cikakken jiki ne, tawa babu komai a ƙarƙashin fuskarta, in bar su yadda na gan su.

Ina kan tabarma a tsakar gida da hantsi, na gama ɗaure gindin ke nan, sai ga sallamar surukina daga Jahun. Kafinta ne, rabin ƙofofin unguwarsu shi ya yi su, kuma ba ya fita ba jakar kayan aikinsa. Tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa furta kalmar jita ba, sai dai ya ce "abin nan naka". Na durƙusa na gaishe shi, ina neman tura ta bayan ƙofa, ya ce in bar ta ya gani.

Ya sa yatsa ya ɗaga gaban ƙarfen. "Wannan ai rawa yake, ɗana. Wa ya koya maka ɗaure abu ta gefe ɗaya?"

"Haka ake sa shi, Baba," na ce, kaina a ƙasa. "In an ɗaura wayoyi su ke danne shi."

"Haka ragwaye ke sa shi. Ka ga rami biyu ka bar su? Maƙeri ba ya huda ƙarfe a banza. Miƙo nan."

Na riga na faɗi iya abin da ake faɗa wa suruki, har na ɗan wuce gona. Na ɗaga ido na ga matata a ƙofar madafa, fuskarta cike da murna, yau babanta ya taɓa jitar mijinta da hannunsa. Na miƙa masa.

Ya zazzage jaka, ya zaɓo dogayen sukurori irin na ƙyauren ƙofa. Bai huda ba, ya kafa na farko ya ba shi guduma don ya kama. Na ji bugun nan har cikin haƙorana. Na farkon ya shige. A na biyun ne na ji ƙas, tsaga ta tashi daga gindi ta miƙe har ramin da sauti ke fita.

"Katako ne ke zama," in ji shi. Ya kwaɓa gam da garin katako ya cusa a tsagar, ya shafe da babban yatsa, ya jijjiga ƙarfen da ƙarfi. "To ka gani. Jikokinka ma za su same shi a nan."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma."

Bakina ne ya faɗi haka, kuma har yau ina jin haushin ladabin da muryata ta fito da shi. Ya ci abinci ya yi mana addu'a ya tafi. Na ɗaura wayoyi na jona lasifika. Abin da ya fito ba goge ba ne, ƙudan zuma ne a cikin gwangwani, kowace waya na taɓa sai fuskar ta yi zizi. Garin neman gira na rasa ido.

Kullum ana yabon kunya, ana cewa ita ce adon mutum. Masu faɗin haka ba su taɓa tsugunawa suna kallon ana fasa abin da ɗan'uwansu ya bar musu ba, suna kuma godiya. Da baƙo ne ya ɗauko gudumar nan da na riƙe hannunsa. Da ubana ne ma da na roƙe shi. Suruki kuwa ba a riƙe masa hannu, ba a ce masa ya bari. Ba mugunta ya yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ni da wanda zan zaga.

Na koma da jitar Kano wurin wani mai gyaran kayan kiɗa. Ya leƙa cikinta da fitilar waya, ya ce katakon da ke tallafe fuskar ta ciki ma ya rabe, ko an liƙe muryar ba za ta dawo ba. Ya daɗe yana duban dogayen sukurorin nan, sannan ya dube ni.

"Malam, wane mara imani ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce masa ni ne.